Daga Aboabo zuwa Tek: yadda na karanta tsara fili da lambu, kuma da shi nake ci yau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Aboabo ce a nan Kumasi, nan na yi allo nan na yi boko, kuma abin da na karanta a jami'a shi ne tsara fili da lambu, kwas ɗin da a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, suke kira Landscape Design and Management. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan saboda ƙannenmu masu gama sakandare, musamman 'yan mata, don har yau in aka ce karatu a zango to nas ce ko tica ko akanta, in namiji ne a ce likita ko injiniya, duk abin da ya fita daga nan sai ka ji an ce ɓarnar kuɗi. Ni kuma ga shi da wannan karatun nake ci nake sha, da shi nake ɗauke wa Mma wasu ɗawainiya, kuma wallahi ban ga unguwar da ta kai zangonmu buƙatarsa ba.

Gidan da na tashi gidan haya ne, gidan yawa, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, a tsakiya akwai wani tsohon mangwaro da ya girmi kowa a gidan. A gindinsa ake komai, daka, wanki, tsince shinkafa, kitso, har karatun dare nan Malam yake zaunar da mu. Ina firamare mai gidan ya sa aka sare shi don a ƙara ɗakuna, sauran filin kuma aka malale da siminti tas, kowa yana ta sa albarka wai gida ya yi tsaf, ba laka ba ganye. Ba a jima ba muka gane abin da aka rasa. Daga hantsi zuwa la'asar ba mai iya taka tsakar gidan ba takalmi, ɗakin Mma da dare ya zama ba ya kwantuwa sai mun fito da tabarma waje, in ruwa ya sauko kuma duk abin da kwanon rufi ya zubo ba shi da inda zai nutse, sai ya taru ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo mana. Na sha tashi cikin dare ina ɗora littattafaina a kan akwati muna kwalfe ruwa da roba. A lokacin abin da na sani kawai shi ne an sare mana mangwaro, ban san zafin nan da ruwan nan duk tushensu ɗaya ba.

A 2015 ina aji biyu a sakandare, ina ɓangaren agirik. A daren 3 ga Yuni na shekarar aka yi ambaliyar nan ta Accra da gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya ba iyalan kowa haƙuri. Mu 'yan Aboabo abin ya taɓa mu ta wata hanya daban, don mun san yadda rafinmu yake cika ya shiga gidajen da ke bakinsa. A shekarar ne kuma aka buɗe Rattray Park, wurin shaƙatawa a nan Kumasi, muka je da 'yan ajinmu, kowa hankalinsa na kan ruwan nan mai rawa da fitilu, ni kuwa ina ta kallon yadda aka karkata hanyar tafiya da inda aka ajiye benci da inda aka bar ciyawa. Malaminmu na agirik ne ya ce min ai wannan duk zana shi ake yi a takarda kafin a ɗaga ko cebur ɗaya, kuma ga shi nan a Tek ana koyarwa, a sashen Horticulture, shekara 4 ka fito da digiri. Tun ranar maganar ta zauna min a rai.

Da sakamakon WASSCE ya fito na cike fom, aka ba ni kwas ɗin, gida ya ɗau zafi. Baba tela ne a Alabar, mutum ne mai haƙuri amma ranar ransa ya ɓaci sosai, ya ce "ke yanzu shekara huɗu zan yi ina biyan kuɗi don ki koyo yankan fulawa? Ga yaran nan masu almakashi a bakin titi, wace jami'a suka je?" Kawuna ya ce a nema min makarantar nas, Goggo ta ce wa zai auri mace mai yini a rana da lebura. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa ganin wanda ya yi ba, kuma kuɗin da za a kashe ba na wasa ba ne a wajen mai keken ɗinki ɗaya. Mma ce ta tsaya min, ta ce "Malam, a bar ta ta gwada, yarinyar nan tun tana ƙarama gwangwanin tumatir ba ya tsira a hannunta sai ta shuka abu a ciki." Da kuɗin adashinta na sana'ar wake da shinkafa aka biya kuɗin shekarar farko.

Wanda yake tunanin karatun fulawa ne ya zo ya ga shekarar farko. Kemistiri, lissafi, ilimin tsirrai, ilimin ƙasa, ga zane da hannu, ga sunayen itatuwa da Latin da dole ka haddace, darbejiya ta koma Azadirachta indica, maɗaci Khaya senegalensis, rimi Ceiba pentandra, haddar allo ce ta cece ni a nan don da ƙira'a nake bin su. Daga baya aka shiga safiyo, mu ɗau na'urar awo da sanda mai lamba mu yini a rana muna auna tudu da gangare, sai AutoCAD da SketchUp, manhajojin zane a kwamfuta, sai lissafin kuɗin aiki, tifa nawa ta baƙar ƙasa, tsiro nawa, lebura nawa, kwana nawa. Ni ban da laftof sai a aji biyu, na hannu ne Yayana ya samo min, kafin nan aron ta ƙawata nake yi in ta yi barci. Sitidiyo kuwa kwana ake yi a ciki in ranar miƙa aiki ta matso, kwali da gam da reza ko'ina, kuma in ka liƙa zanenka a bango malamai za su tsaya su yi ta tambaya, me ya sa itacen nan yake nan, ina inuwarsa za ta faɗa da ƙarfe 3, wa zai ba shi ruwa a watan Janairu, in ba ka da amsa to ka sake.

Darasin da ya canza min kai gabaki ɗaya na ruwa ne. Wani malami ya kai mu bakin rafin Wiwi da ya ratsa cikin makarantar, ya ce kafin ka yi tunanin kyau fara tambayar ina ruwa zai bi, don shi ba ruwansa da zanenka. Kumasi tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba. Ya sa muka lissafa, rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 kawai yana zubo lita 140,000 a shekara, in da galan ɗin Kufuor mai lita 25 za ka ɗura, galan 5,600 ke nan daga rufin gida ɗaya. Ina zaune a wurin sai tsakar gidanmu ta faɗo min. Gida nawa ne a Aboabo da Asawase da Sawaba aka malale da siminti? Duk ruwan da a da ƙasa take shanyewa yanzu a guje yake fita ya faɗa kwata, kwata ta kai rafi, rafin kuma mun riga mun cika shi da leda mun matse shi da gini. Muna ta cewa shara ce, e shara na ciki, amma ko an kwashe ta tas in ba a bar wa ruwa inda zai nutse ba zai dawo mana ɗaki. Ranar na koma hostel na kira Mma ina ta mata bayani har katina ya ƙare.

An kuma koya mana tarihi, kuma ni a nan na samu abin da na kai wa Baba. Kumasi da ake wa kirari da birnin lambu na Afirka ta Yamma ba haka kawai ba ne, a 1945 wasu Turawan Ingila miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana tsarin garin suka bar bakin rafuka da fadamu a matsayin wurin itatuwa, yau je ka duba rafin Subin ka ga abin da ya rage. Mun karanta Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux da suka ci gasar zana Central Park na New York a 1858. Mun je Aburi, lambun da aka buɗe tun 1890, na tsaya a layin dogayen itatuwan nan masu kama da giginya na bakin shiga na kasa magana. Amma abin da ya fi kama ni lambunan musulmi ne, na Alhambra a Andalus da na Taj Mahal, yadda ake raba lambu gida huɗu da magudanan ruwa, ana tuna ƙoramun Aljanna da aka ambata a Suratu Muhammad, na ruwa da na nono da na giya da na zuma. Sai kuma lambun Azhar a Alƙahira, wanda wurin bola ne na wajen shekara 500, aka kwashe aka gyara ƙasar aka mai da shi lambu mai kusan hekta 30, aka buɗe a 2005, garin haƙa har aka tono ganuwar zamanin Salahuddin. Bola fa, irin wadda muke toshe hanci in za mu wuce.

Da hutu na ɗauki hotunan na je shagon Baba, na haɗa da zanen da na yi na wata makaranta. Ya ajiye almakashi ya sa tabarau, ya daɗe yana bin layukan da yatsa, yana tambaya wannan da'irar mece ce, na ce faɗin da itacen zai yi in ya girma ne Baba, ba yadda yake yau ba. Sai ya ce "to ai ɗinki ne wannan, ana aunawa kafin a yanka, kuma rigar yaro da rara ake ɗinka ta." Daga ranar bai sake cewa yankan fulawa ba, har yakan karanto wa abokansa hadisin nan da ke cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Shekararmu ta ƙarshe ta faɗo cikin korona, a Maris 2020 aka rufe makarantu. Zaman gidan ne ya sa na fara renon tsirrai, na sa yaran gida suna tsinto min ledar piya wata, in yanke baki in huda ƙasan in cika da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin kaji, in jera a lungun bayan ɗakinmu inda rana ba ta dukansu sosai. Zogale, gwaba, lalle, lemun tsami, ixora, da wannan shukar shinge mai ganye rawaya da kowa ke so a ƙofar gida. Kuɗin farko da na riƙe na wannan sana'a daga ledar piya wata ya fito. Bayan na gama na yi sabis na shekara ɗaya, a cikinsa aka yi Green Ghana na farko, wato gangamin dashen itatuwa na gwamnati, ranar 11 ga Yuni 2021, aka ce a dasa itace miliyan 5 a faɗin ƙasa. Mu ma mun karɓo mun dasa a unguwa, an yi hoto an watse, kafin sati ya zagayo awaki sun gama da yawancinsu. Wannan laifinmu ne mu 'yan unguwa, dasa itace a zango ba tare da kewaye ba ciyar da akuya ne kawai. Waɗanda na zagaye da ragowar katako da tsohuwar ragar sauro, na ɗora wa wani yaro alhakin ba su ruwa da hunturu, yau sun wuce tsayin mutum.

Aikina na farko mai sunan aiki a Asokore Mampong ne, gidan wani Alhaji da aka haɗa mu ta wajen matarsa. Ya riga ya sayi tayil na tsakar gida gabaki ɗaya, abin da yake so a wajena tukwanen fulawa ne a jera a bakin baranda. Na roƙe shi ya ba ni dama in auna filin tukuna. Da na auna sai na ga gangaren gidan wajen ɗakin girki ya nufa, na ce "Baba Alhaji, in aka shimfiɗa tayil ɗin nan yadda yake, ruwan farko a kicin ɗin Hajiya zai kwana." Ya ce "'yata, ni ba na son sauro ba na son maciji, kuma ba na son saiwa ta fasa min gini." Gaskiyarsa ne, kuma kowane ɗaya da maganinsa. Sauro kwantaccen ruwa yake bi, maciji duhun ciyawa da tarkace, saiwa kuma zaɓen itace ne da tazara, ba a dasa ceɗiya ko durumi kusa da bango ko soka-awe, mangwaro ma a ba shi mita 5 ko 6. Muka yi ta ja har ya yarda a bar kashi ɗaya cikin uku ba tayil.

Na sa aka gyara gangaren, santimita 2 a kowace mita, ya kauce wa gini ya nufi wani rami da muka haƙa a kusurwa muka cika da duwatsu, bututun rufi kuma aka kai shi tanki. Inda mota ke tsayawa muka sa bulon daɓe a kan yashi ba siminti a ƙasa, don ruwa ya riƙa bi ta tsakaninsu. Ta yamma, inda rana ke gasa bangon ɗakin kwana, nan na sa itatuwan inuwa. Birkilan da ke wurin da farko ko kallona ba ya yi, in na yi magana sai ya juya ya tambayi Alhaji, ga ni da hijabi da takalmin roba ina riƙe da tef. Ranar dashe ya haƙa rami mai zurfi siriri zai jefa tsiron, na ce Masta tsaya, na karɓi cebur na nuna masa, faɗin ramin ya ninka na ledar sau 2, zurfin kuma daidai ledar, wuyan tsiron kada ya nutse, a yage ledar a warware saiwar da ta nannaɗe, a mayar da ƙasa a danna da hannu, a yi masa ɗan gurbi a zuba ruwa har ya ƙoshi, sannan a rufe da busasshen ganye ko tsohuwar dusar katako irin ta kasuwar katako ta Sokoban amma kada ta taɓa jikin itacen. Kashin kaji ɗanye kuma ba ya zuwa kusa, ƙona saiwa yake yi. Ya yi shiru yana kallo, washegari shi da kansa yake gyara wa yaransa. Da damina ta sauka Hajiya ta kira ni ta ce ko ɗigo bai shiga kicin ba, kuma ta wajenta na samu gida uku a layin.

Ba zan ɓoye wahalar ba don kada wata ta shiga da ido rufe. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zane ba, za su biya tsiro da tifar ƙasa amma tunanin da ka kwana kana yi suna ganin kyauta ne, akwai wanda ya karɓi zanena ya ce zai yi shawara, daga baya na wuce na ga an yi aikin da wani. Yanzu ba na sakin takarda sai an turo rabin kuɗi ta momo, wato ta waya. Mu ake kira a ƙarshe, bayan gini ya cinye kuɗi kuma an binne baraguzan siminti a inda za a yi shuka. Kuɗi ba ya shigowa daidai, damina aiki ya yi yawa, hunturu sai kula da na baya da ban ruwa. Rana kuma za ta taɓa ki, wannan ba makawa. Amma ƙofofin suna da yawa, cikin 'yan ajinmu akwai masu aiki da Parks and Gardens, hukumar gwamnati mai kula da lambuna, akwai na kamfanonin gine-ginen gidaje da otal-otal, akwai mai kula da ciyawar filin ƙwallo, akwai waɗanda suka tafi gyaran ƙasar da haƙar zinariya ta lalata, wanda da irin ɓarnar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a ƙasar nan aiki ne da ba zai ƙare nan kusa ba, wasu kuma sun ci gaba da digiri na biyu.

Abin da ke ci min rai shi ne har yanzu yawancin aikin da ke biyana a gidajen masu hali yake, Nhyiaeso da Ahodwo da sabbin unguwanni, alhali inda aka fi shan zafi da ambaliya nan ne inda na fito. Yaranmu suna karatu a islamiyya ƙarƙashin kwano tsakar rana gumi na ɗiga a kan allo, tsofaffinmu suna bin inuwar bango suna ja da benci. Shi ya sa duk aikin da na samu nake ware wani abu, yanzu haka akwai wata islamiyya a unguwarmu da muka fasa simintin gefe ɗaya muka sa darbejiya da maɗaci, bakin kwatar kuma muka jera jema don saiwarta tana nutsawa sosai tana riƙe ƙasa, kowane aji da itacensa da suke ba ruwa, malamai ne suka raba musu. Liman ma ya yi maganar a huɗuba, bayan Juma'ar mutum biyu suka tare ni suna tambaya ko za a iya fasa nasu simintin.

Ƙanwata ko ƙanena da ke riƙe da sakamako yana tunanin me zai cike, in kana son zane kuma ba ka ƙyamar ƙasa a farce, kada lissafi ya tsorata ka, ana koya. Ka shiga trotro zuwa Tek Junction, ka tambayi sashen Horticulture, ka duba sharuɗɗan shiga na shekarar da kanka, ka nemi 'yan aji uku ko huɗu su nuna maka zanensu su faɗa maka abin da suke kashewa a kayan sitidiyo, in da hali ka tafi da Baba ko Mma su gani da idonsu. Kafin admishan ya fito kuma ka nemi masu renon tsirrai na bakin titi ka riƙa taya su aiki ko da ranar Asabar ce, za ka shiga aji ka riga ka san rabin tsirran da hannunka.